Ruwan da Liborio Bai Gama Ba

Napoli, 1834

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Yau kwana uku. Ba a ga Liborio ba.

Tekun ya kwanta luf kamar bai taɓa cin kowa ba. Ana hango tsibirin Kapri sarai, hayaƙin dutsen Vesuvio ya miƙe tsaye babu iskar da za ta karkata shi. Irin safiyar da Liborio yake so ke nan. Da yana nan da tuni ya buga mini ƙofa yana cewa, "Tashi, Saverio, an wanke mana garin."

Shekara ashirin da biyu muna zana garin nan tare, tun muna yara a makarantar zane. Shi yana zana shi cikin kwanciyar hankali, baƙi suna saye suna tafiya da shi ƙasashensu masu sanyi. Ni kuwa hadari nake so, shi ya sa zanukana suke jingine da bango a ɗakina.

Ranar Talata mun fita mu uku daga Mergellina a kwale-kwalen tsoho Aniello. Iskar kudu ta taso, kwale-kwalen ya kife a bayan duwatsun Posillipo, mu biyu muka fito. Abin da na faɗa wa 'yan doka ke nan, shi na faɗa wa fadan cocinmu, shi nake faɗa wa duk wanda ya tare ni a matakala. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Duwatsu sun yayyanka mini tafin hannun hagu. Na dama lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Masunta sun duba har Portici. Filafili ɗaya suka samo.

Ban je gidan Liborio ba. Ban buɗe akwatin da ke ɗakina ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da tsakar rana

Na je coci na tsaya daga baya. Aniello yana can gaba tare da matarsa. Da aka tashi ya zo ya wuce ta gabana, ya dube ni daga fuska har zuwa ƙirji, ya tsaya nan kaɗan, ya fita.

Litinin, 27 ga Oktoba, da la'asar

Fortunata ce ta zo da kanta, tunda ni na kasa zuwa. Matar Liborio. Ni na riƙe zobe ranar aurensu, tun daga ranar take kira na kumpare, ni kuma nake ce mata kummare. Ba ta sa baƙin kaya ba. Ta ce ba za ta sa ba sai ta gani da idonta.

Ta ƙi zama. Ta ce, "Kumpare, babban zanen nan na baƙon Ingila, ka san shi. Jirginsa zai tashi ƙarshen watan gobe. Liborio ya ce masa zai samu, kuma bai taɓa cewa abu ya fasa ba. Ruwan kawai ya rage."

Na ce, "Kummare, ki nemi wani. Ni ban iya ruwa mai kwanciya ba."

"Na sani. Yana cewa kai ko ruwan kofi ka zana sai ya yi hadari." Ta kusa yin murmushi, ta fasa. "Amma kai kaɗai ka san hannunsa. Gobe da safe."

Na ce to. Me zan ce?

Talata, 28 ga Oktoba, da faɗuwar rana

Ɗakin aikinsa yana nan yadda ya bar shi. Rigarsa ta aiki tana rataye a ƙusa, warin man fenti, ɓawon lemo ya bushe a kan taga. Kujerarsa mai gajeriyar ƙafa, wadda shekara goma yana cewa zai gyara.

Zanen ya fi ni faɗi in na miƙe hannuwa. Daga tudun Posillipo ya ɗauko shi, da yamma. Doguwar bishiyar nan mai kai kamar laima tana hagu, garin ya lanƙwasa ya bi gaɓa fari da ruwan ɗorawa, tsohuwar ganuwa tana zaune cikin ruwa, dutsen yana can baya da ɗan hayaƙinsa. Samaniyar ta isa a yi mata kuka. A ƙasa kuwa, inda teku zai kasance, ƙyalle ne kawai da jan shafen farko. Kullum ruwa yake bari a ƙarshe. Yakan ce shi ne naman da ake ajiyewa a gefen kwano.

Na haɗa kala tun safe, ban taɓa ƙyallen ba. Fortunata ta sa kujera a bakin ƙofa tana ɗinki. Da na tashi tafiya ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ya ci wani abu kafin ku fita?"

Na ce ya ci burodi da soyayyen kifi a bakin ruwa. Gaskiya ne. Har ya ba ni kan kifin.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Na fara daga nesa, wajen ganuwa. Shuɗi kaɗan, fari da yawa, ɗigon ja. Hannuna yana ta son tayar da ruwan, ina ta danne shi.

Tambayar yau: "Yana sanye da rigar ulun da na saƙa masa?"

Yana sanye da ita.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Tambaya ɗaya take yi a rana, kullum sai na kai bakin ƙofa. Yini nake ina jiran ta.

Yau ta ce, "Wa ya ce a fita?"

Na ce, "Mu duka."

Ta ce, "Uhm," ta cije zare.

Na rubuta ranar Juma'a cewa babu ƙarya. Yanzu akwai ɗaya.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da hantsi

Ban buɗe akwatin ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Ranar matattu. Duk garin ya hau tudu wajen kaburbura da furanni da alewa. Fortunata ba ta da kabarin da za ta je. Ta ce in raka ta Mergellina. Ta hau kan duwatsu, ta kafa kyandir a wani rami, iska ta kashe shi sau uku, ta haƙura ta ajiye alewar kawai.

Aniello yana zaune a kan yashi yana ɗinkin komar wani, tunda shi yanzu ba shi da abin shiga ruwa. Na je na gaishe shi, don kada a ce ban gaishe shi ba.

"Mastu Saverio," ya ce, yadda ake kiran kowane mai sana'a. "Hannun ya warke?"

"Da sauƙi."

"Ai ɗaya ne kawai ya ji ciwo, ko?" Ya ja zare da haƙori. "Takardun fa, sun bushe?"

Na ce ban san abin da yake nufi ba.

"To, ba ka sani ba." Ya dubi wajen da Fortunata take tsaye, ya rage murya. "Ni ban faɗa wa kowa ba, ko matata. Kada ka ɗauka don kai ne. In na faɗa, sai a ce Aniello, shekara hamsin a teku, ya ga gajimaren nan a kan Kapri ya kuma biye wa bakin mai fenti. Je ka, matar mutane tana jiran ka."

A hanyar dawowa ba ta tambaye ni komai ba. Sai na ji gara ma ta tambaya.

Talata, 4 ga Nuwamba, da tsakar rana

Akwai wani tabo a cikin ruwan, a ƙasa daga dama, kusa da duwatsu. Baƙi-baƙi, bai fi girman kan yatsa ba. Ban tuna na sa shi ba. Na kankare shi da wuƙa, na rufe wurin.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Ya dawo.

Na san dalili. Jan shafen ƙasa ne yake hawowa, saboda na yi gaggawa ban bar fenti ya bushe ba. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san wannan. Na sake rufewa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

Liborio yana da wushirya, in yana aiki yakan yi fito ta cikinta, waƙa ɗaya, ba ya taɓa kai ta ƙarshe. Yau da rana tsaka, ina gyara hasken da ke bin bayan wani ƙaramin jirgi, na ji ta a matakala. Ta hawo har hawa na biyu ta tsaya.

Na juya. Fortunata ta ajiye allura, tana kallon ƙofa.

Na ce, "Mai kawo gawayi ne."

Ta ce, "Mai gawayi Asabar yake zuwa."

Babu wanda ya tashi ya duba a cikinmu. Bayan ɗan lokaci ta ci gaba da ɗinki.

Tambayar yau: "Ya kira sunana?"

Na ce iska ta yi ƙarfi, ba a jin komai. Wannan rabinsa gaskiya ne. Na ji sunan da ya kira.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Ba na iya cin kifi. Matar da nake haya a gidanta ta kawo taliya da wake, ta tsaya a kaina har na ci rabi. Ta ce na koma kamar waliyyin da aka manta a bayan coci.

Tabon yana nan.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Baƙon Ingila ya zo duba aikinsa, da sandarsa da ɗan littafinsa na kalmomi. Ya tsaya gaban zanen ya daɗe. Ya ce a garinsu rana ba ta yin wannan launi, zai rataye shi inda mahaifiyarsa take zama, don ta ga akwai wurin da babu abin da yake faruwa sai kyau. Ya yi wa Fortunata ta'aziyya da kalmomin da ya haddace. Sannan ya nuna ƙasa daga dama da sandarsa, ya tambaya ko mai iyo ne.

Na ce dutse ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da yamma

Teku lafiya lau. Kwana ashirin da biyu ke nan yana lafiya lau.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da faɗuwar rana

An sami Liborio jiya a Torre del Greco, ya maƙale a komar wasu masunta. Ni aka kira. Na hau keken doki tun safe, na bi gaɓa, duk garuruwan da muka zana tare suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Sun kwantar da shi a wata rumfa a bayan coci, sun rufe shi da tsohon ƙyallen jirgi. Fadan wurin ya ce kada in buɗe ta wajen kai, babu abin da zan gane. Na buɗe ta wajen hannu. Rigar ulu. Zoben, wanda na riƙe a aljihuna tun daga gida har gaban bagade ina tsoron kada ya faɗi. A ƙarƙashin farcen babban yatsansa har yanzu akwai shuɗi. Mako uku a cikin teku bai wanke shi ba.

Na ce shi ne.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da yamma

An binne shi. Akwatin gawar a rufe ya zo, a rufe ya shiga ƙasa. Fortunata ta roƙa a buɗe mata, yayanta ya hana, ni ma na hana.

Ta sa baƙin kaya.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da la'asar

Na ɗauka ba za ta so aiki yau ba, amma na tarar ta buɗe tagogi. Ba ta ɗauko ɗinki ba. Ta zauna tana kallon bayana har na kasa riƙe buroshi daidai.

Can ta ce, "Kumpare, fuskarsa ta fara ɓace mini."

Na ajiye buroshin.

"Ina tuna kunnensa. Ina tuna wushiryar. In na zo haɗa su sai su watse. Na duba duk takardun gidan nan, ɗari nawa, bishiyoyi, duwatsu, jakuna, 'yan mutane kamar ƙudaje a bakin ruwa. Ku biyu, shekara ashirin da biyu kuna zaune kuna fuskantar juna da fensir a hannu, babu wanda ya taɓa cewa bari in zana ɗan'uwana. Wane irin mutane ne ku?"

Ba ta jira amsa ba. Ta shiga ciki. Na ji tana jera kwanoni, tana sake jera su.

Talata, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je aiki ba. Na buɗe akwatin.

Littafin zanena yana ciki, a naɗe da ƙyalle mai kakin da nake naɗe shi. Gefunan sun kumbura, gishiri ya bushe a jikinsu. Ruwa ba ya wanke zanen fensir.

Zan rubuta shi sau ɗaya.

Ni na ce a fita. Na ga hadarin yana haɗuwa a kan Kapri tun safe, baƙi da kore, irin wanda shekaru nake jira in gani daga cikin ruwa, ba daga tudu ba. Aniello ya ce a'a. Na ce masa a gaban matan da ke wanke kifi, in tsufa ya kama shi ya faɗa, sai in nemi namiji. Liborio ya ce shi zai jira mu a gaɓa. Na ce, "Zauna, ai ruwanka na cikin faranti ne. Shekara ashirin kana zana teku ba ka taɓa ganin sa ba." Matan suka yi dariya. Ya ninke wandonsa ya shiga. Bai iya iyo ba. Na sani. Ni na yi ta ƙoƙarin koya masa muna yara, ya ƙi.

Da ruwa ya fara shigowa Aniello ya ce mu kwashe. Liborio yana kwasa da hularsa. Ni ina zane. Aniello ya zage ni, ya zagi uwata, ina ji, ina cewa saura kaɗan. Garin yana can bayan igiyar ruwa, fari fat a ƙarƙashin baƙin sama, haske ɗaya ya sauko a kan ganuwa. Ban taɓa ganin abu kamarsa ba. Da na ga babbar igiya tana zuwa, na naɗe littafin, na cusa shi cikin riga.

A cikin ruwa hannu biyu gare ni. Na hagu yana riƙe da gefen kwale-kwalen, daga baya ya riƙe dutse. Na dama yana dafe da ƙirjina. Liborio yana kusa. Ko zan iya kaiwa gare shi, ban sani ba. Kullum ina auna tazarar, kullum tana canzawa. Sunana ya kira.

Abin da ya fi duka muni shi ne zanen ya yi kyau. Ban taɓa yin kamarsa ba, ba kuma zan sake ba. Na zauna ina kallon sa, raina yana cewa a babban ƙyalle zai fi.

Kuma yana ciki. A kusurwar ƙasa, ya juyo yana duba na, hular a hannunsa. Ban san na zana shi ba. Layi bai fi goma sha biyu ba, amma shi ne, har wushiryar.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da hantsi

Na kai littafin har bakin murhu. Na dawo da shi.

Laraba, da faɗuwar rana

Na kai mata.

Tana yankan albasa. Na ajiye littafin a buɗe a kan teburi, na tsaya, na faɗa mata duka, yadda na rubuta jiya, har da maganar faranti, har da hannun dama. Ba ta katse ni ba. Ta goge hannunta a jikin riga, ta ɗauki littafin, ta kai shi wajen haske.

Ta daɗe. Ta sa yatsa a gefen fuskar, ba ta taɓa ta ba.

"Yana jin tsoro," ta ce.

"E."

"Kai kuma kana zane."

"E."

"Na san kai ne ka ce a fita. Liborio ko rana tana tsaka ba ya shiga kwale-kwale sai an ja shi. Tun ranar da ka ce 'mu duka' na sani. Abin da ban sani ba shi ne ko za ka mutu da shi a bakinka."

Na ce ta yi duk abin da ta ga dama. In tana so ta kai wa 'yan doka, zan bi ta.

"Su yi mini me?" ta ce.

Ta jawo kwandon ɗinkinta, ta ɗauko almakashi. Ta yanke kusurwar a hankali, tana bin gefen kafaɗarsa da hular, kamar mai yankan wuyan riga. Guntun bai cika tafin hannunta ba. Ta sa shi cikin littafin addu'arta ta rufe. Sannan ta turo mini sauran, hadarin da garin da hasken, da gurbi a ƙasa.

"Wannan nawa ne. Wancan naka ne, tunda shi ka je nema."

Na ɗauka. Ta kuma ga na ɗauka.

Na kai bakin ƙofa na tsaya, don na saba. Babu tambaya. Ta ce, "Gobe ka zo ka gama ruwan. Jirgin ba zai jira mu ba."

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da yamma

Na je. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Shigo, Mastu Saverio."

Shekara goma sha ɗaya rabon da ta kira ni haka, tun kafin in riƙe musu zobe.

Na shiga na zauna. Na gama ruwan kafin la'asar.